Kafin ka taka duwatsun Abzin, san halin ruwansu

Mutumin Gazawa, ko na Agye da Gidan Runji, ya san jigawa da fadama, amma bai san dutse ba. Ga shi kuwa matasanmu suna ta haurawa arewa, wasu neman zinariya tun da ta ɓulla a Jado a 2014, wasu yawon buɗe ido a Abzin. Wurin ya cancanci gani, ba musu. Akwai Bagazam mai tsayin mita 2,022, wanda babu dutsen da ya kai shi a Nijar, akwai Timiya da lambunanta na lemu da rumman. Sai dai ruwan can ba irin namu ba ne, kuma shi ya fi cin baƙo.

A nan in ƙishirwa ta kama ka, kafin ka galabaita ka hango rijiyar wani gari. Can sai ka wuni kana hawa ba ka ga ɗigo ba. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawawwakin mutum 92 a arewacin Arlit, galibi mata da yara, bayan motocinsu sun lalace a hanyar Aljeriya. Ƙishirwa ce ta kashe su. Saboda haka kada ka bar rijiya sai salka da jarka sun cika maƙil. Ka yi sammako, in rana ta take ka laɓe a inuwa sai la'asar. Da ka ga fitsarinka ya yi kaɗan, ya koma ja-ja, ga jiri, to tsaya, jiki ya fara bushewa.

Abin da ya fi ruɗin mutanenmu shi ne korama. Za ka gan ta ƙeƙasasshiya, rairayi lallausa, ga inuwar goriba, ranka ya ce a shimfiɗa tabarma a nan. Kul! Da damina ana iya yin ruwa a kan duwatsu can nesa, kai ko hadari ba ka gani ba, tsakar dare ambaliya ta gangaro da duwatsu da itatuwa. Koramar Telwa ce ta rusa gidaje masu ɗimbin yawa a Agadas a Satumbar 2009, balle mutum ɗaya da bargonsa. Kwana a tudu.

Tafkunan da ke kwance cikin kwazazzabai, irin na Timiya, suna da sanyi da zurfi, gefensu kuma santsi. In ba ka iya iyo ba, tsaya daga baki. Raƙuma da awaki ma suna sha a irinsu, don haka a tafasa kafin a kurɓa.

Da hunturu sanyin dare a kan Bagazam har ƙashi yake shiga, a tafi da bargo mai kauri. Kuma a ɗauki jagora ɗan ƙasa, ko da kuɗinsa ya yi maka ciwo: shi ya san rijiyar da ta ƙafe bana da hanyar da ƴan fashi ke tarewa. Kafin ka fita daga Agadas ka shaida wa jandarma inda ka nufa da ranar da za ka dawo, domin waya ba ta kamawa a yawancin kwazazzaban.