Gargadar Da Matuƙin Jirgi Ba Ya Gani

Da zarar jirgi ya gama hawa ya daidaita, fitilar nan mai hoton bel ta mutu, sai ka ji ƙarar ƙarafa daga gaba har baya, kowa na kwance nasa. Wani ya miƙe ya buɗe ma'ajiyar kaya, wasu su yi layin bayi. A ganin yawancinmu an wuce wurin haɗari, sai kuma lokacin sauka. Alhali a tsakiyar tafiyar nan, sama tas babu ko gajimare, akan gamu da wata irin gargadar iska da ba ta sallama.

Gargadar da hadari ke kawowa da sauƙinta. Matuƙi yana hango hadarin, na'urar radar da ke hancin jirgi ma tana nuna masa shi tun daga nesa, sai ya kauce ko ya ce kowa ya zauna. To amma ɗigon ruwa da ƙanƙara na'urar take gani. Inda iska take bushe, ba abin da za ta nuna, ko da kuwa iskar tana hautsinewa.

Can sama, wajen kilomita 9 zuwa 12 inda jiragen fasinja ke bi, akwai wasu hanyoyin iska masu kwarara daga yamma zuwa gabas, gudunsu yakan haura kilomita 200 a awa. Wanda ya san kogi ya san inda ruwa mai ƙarfi ya haɗu da kwantacce nan ake samun juyi. Haka gefen waɗannan hanyoyin yake. Iskar da ta haye manyan duwatsu ma takan yi tasiri har can sama. Ɗaya daga cikin hanyoyin tana ratsa arewacin Afirka da Gabas ta Tsakiya, ta fi ƙarfi lokacin sanyi, don haka mai zuwa Alƙahira, Saudiyya ko Turai daga Kano ko Yamai kada ya ɗauka labarin wasu ne.

Ranar 28 ga Disamba 1997, jirgin United Airlines ƙirar Boeing 747 ya tashi daga Tokyo zuwa Honolulu. Bayan kamar awa biyu ya faɗa irin wannan gargada a saman tekun Fasifik. Mutane da dama suka ji munanan raunuka, mace ɗaya ta rasu, jirgin ya juya Tokyo. Na baya-bayan nan da ya fi tayar da hankali shi ne na Singapore Airlines, ranar 21 ga Mayu 2024, daga Landan. Ana cikin rabon karin kumallo a saman ƙasar Myanmar, jirgin ya yi ƙasa da mita 54 cikin ƙasa da daƙiƙa 5. Masu bincike sun danganta wannan da hadarin da ke tasowa a yankin, amma abin da ya faru a ciki iri ɗaya ne: waɗanda ba su ɗaura bel ba suka yi sama, kawunansu suka bugi rufi, suka faɗo. Wani dattijo ɗan Birtaniya mai shekara 73 ya rasu, aka karkata jirgin zuwa Bangkok.

A lura, duka jiragen biyu sun sauka lafiya. An ƙera jiragen zamani su jure fiye da haka, kuma da wuya ƙwarai gargada ta kayar da babban jirgi. Jikin mutum ne ba ya jurewa, musamman wuya da gadon baya.

Waɗanda suka fi ɗanɗana kuɗarsu su ne ma'aikatan cikin jirgi, domin su ne a tsaye, suna tura keken abinci, ga butar shayi a hannu. Hukumar binciken haɗurran sufuri ta Amurka ta duba shekarun 2009 zuwa 2018, ta gano cewa kusan kashi 79 cikin ɗari na waɗanda gargada ta yi wa mummunan rauni ma'aikata ne. Saboda haka idan ka ga sun tattara kofuna ba a gama rabo ba, sun ruga kujerunsu, ba wulaƙanci ba ne, kuma danna musu ƙararrawa a wannan lokacin rashin tausayi ne. Kamfanin Korean Air har daina ba da taliyar kofi ya yi a ƙananan kujeru a 2024, don gudun ƙuna da ruwan zafi.

Alamu kuma na nuna abin ƙaruwa yake yi. Masana a Jami'ar Reading ta Ingila sun wallafa a 2023 cewa mai tsananin irin wannan gargada ta ƙaru da kashi 55 cikin ɗari a saman arewacin tekun Atlantika tsakanin 1979 da 2020, suka alaƙanta hakan da ɗumamar yanayi. Matuƙa suna dogara da hasashe da rahoton jirgin da ya riga su wucewa, amma dole wani ya zama na farko.

Abin yi ba shi da yawa. Muddin kana zaune, bel ya kasance a ɗaure, a kan ƙugu ba a kan ciki ba, ko fitila tana kunne ko a kashe. Mai barci ya ɗaura shi a saman bargo ko babbar riga yadda ma'aikata za su gani ba sai sun tashe shi ba. Idan gargada ta same ka a tsaye, zauna a kujerar da ta fi kusa, kada ka ce sai taka. Uwa ta nemi ƙaramin bel na jarirai inda ake bayarwa, domin hannu ba ya iya riƙe yaro a irin wannan fizga.

Jiragen alhazai ne suka fi damuna. Da yawa tsofaffi ne, wannan ne hawansu na farko, wasu kuma suna jin nauyin cewa ba su iya ɗaura bel ba, sai su rufe shi da mayafi. Ya kamata malaman bita su kawo bel na gaske sansanin alhazai, kowane maniyyaci ya ɗaura ya kwance da hannunsa kafin ranar tashi.