Idan rumbun ajiyar gida ya cika: yadda ake ƙara masa ƙarfi ba tare da asara ba

A gidaje da ƙananan ofisoshi da yawa yanzu, za ka ga wani ɗan akwati kusa da modem ɗin Wi-Fi yana aiki dare da rana. Masu Faransanci da masu Turanci duk NAS suke ce masa. Ƙaramar kwamfuta ce mai gurabun faifan ajiya, wanda masu Faransanci ke kira disque dur, kuma duk wayar da ke gidan tana iya ajiye kaya a ciki ko ta ɗauko. Ga iyalan da suka rarrabu tsakanin Garwa, Njamena, Kumasi da Maraɗi, wannan akwati shi ne inda ake tara bidiyon ɗaurin aure, hotunan suna, takardun fili da na makaranta, har da muryar tsofaffin da aka ɗauka kafin su rasu.

Nawa mai gurbi biyu ne, da faifai biyu na terabait 4. Ranar da ya yi mini gargaɗin cewa ya kusa cika, na gane cewa lokacin gyara shi ne lokacin da ya fi haɗari ga abin da ke ciki. Don haka ga matakan bi da bi.

Fara gano inda ciwon yake

Kafin a sayi komai, a buɗe shafin kula da na'urar a duba abubuwa uku. Idan wurin ajiya ya haura kashi 80 ko 90 cikin ɗari, faifai ake buƙata. Idan akwai wuri amma manhajar hotuna tana jan ƙafa, kuma ƙwaƙwalwar aiki, wato RAM, a cike take kullum, to ita ce matsalar. Idan kuma kwafe babban bidiyo kullum yana tsayawa a wajen megabait 110 a daƙiƙa, igiyar sadarwa ce ta kai iyakarta. Kowane ciwo da maganinsa, kuma mutane da yawa suna kashe kuɗi a kan RAM alhali igiya ce ke riƙe su.

Kwafi na biyu kafin a taɓa komai

Yawancin masu gurbi biyu suna amfani da tsarin RAID 1, inda duk abin da aka rubuta a faifai ɗaya ake rubuta shi a ɗayan. Wannan yana kare ka idan faifai guda ya mutu. Amma idan yaro ya goge babban fayil bisa kuskure, daga duka biyun zai goge. Haka idan tsawa ta ƙona akwatin, ko ɓarawo ya ɗauke shi, ko ƴan kutse suka kulle fayilolin suna neman kuɗin fansa, kamar yadda manhajar DeadBolt ta yi wa dubban na'urorin QNAP a 2022.

Ƙa'idar da masana suka daɗe suna bi ita ce 3-2-1: kwafi uku, a kan nau'in ma'aji biyu, ɗaya a wani wuri daban. A sauƙaƙe, a sayi faifan USB na waje, a kwashe komai a kai, a buɗe wasu fayiloli a tabbatar suna aiki, sannan a cire shi a kai gidan ɗan'uwa.

Zaɓen faifai: CMR ko SMR

A nan ne aka fi yin kuskure. Faifai iri biyu ne ta fuskar yadda suke rubutu. CMR yana rubuta kowane layi a wurinsa, kusa da ɗan'uwansa. SMR kuwa yana ɗora gefen layi a kan wanda ya gabace shi, kamar yadda ake jera kwanon rufi, don ya sami ƙarin wuri. Sakamakon haka, idan za a sauya layi ɗaya, sai an sake rubuta maƙwabtansa. A ajiyar yau da kullum ba a cika lura ba, amma lokacin da NAS ke kwafe terabait da yawa a jere don gina sabon faifai, SMR yana iya raguwa ƙwarai, har wasu na'urori su ɗauka ya lalace su fitar da shi daga tsarin.

A 2020 an gano cewa wasu faifan WD Red na terabait 2 zuwa 6 SMR ne ba tare da an bayyana a fili ba. Bayan ƙorafin masu saye, kamfanin Western Digital ya ware sunan WD Red Plus ga masu CMR. Seagate IronWolf da Toshiba N300 su ma CMR ne, an ƙera su don aikin dare da rana. Kafin saye, a duba lambar samfurin a jerin faifan da kamfanin na'urarka ya amince da su.

A kuma lura da lissafin girma. Kamfanoni suna ƙirga terabait da dubu-dubu, kwamfuta kuwa da 1024. Don haka faifan terabait 8 zai nuna kusan 7.3, na 4 kuma kusan 3.6. Ba ha'inci ba ne. Sai dai wasu tsofaffin na'urori masu sarrafawa ta 32-bit ba sa wuce terabait 16 a ma'aji guda, don haka a duba takardar na'urar kafin a sayi manyan faifai.

Game da faifan hannu da suka cika kasuwanninmu, kowane faifai yana riƙe da tarihin lafiyarsa da ake kira SMART. A duba lamba 9, wadda ke nuna awannin da ya yi a kunne. Shekara ɗaya awa 8,760 ce, don haka faifan da ke nuna 35,000 ya yi kusan shekara huɗu yana juyawa. A duba lamba 5 da 197, masu ƙirga sassan da suka lalace ko suke shirin lalacewa. Idan ba sifili ba ne, a bar shi. Amma a sani cewa maha'inta suna iya goge wannan tarihi, don haka faifan da ya yi araha fiye da kima abin tuhuma ne.

Sauya faifai ɗaya bayan ɗaya

Ba a cire faifai biyu a lokaci guda. Ga yadda ake yi a RAID 1 ko tsarin SHR na Synology. Da farko a yi wa tsofaffin faifan biyu dogon gwajin SMART, domin wanda zai zauna shi kaɗai zai ɗauki nauyin komai. Sannan a cire guda, a sa sabo, a ba da umarnin gyara ma'aji. Na'urar za ta kwafe komai daga tsohon zuwa sabon. Sai ta nuna cewa ta gama kuma lafiya lau take, sannan a sauya na biyun. Idan na'urar ba ta yarda a cire faifai tana kunne ba, a kashe ta tukuna.

Kada a yi mamaki idan wuri bai ƙaru ba bayan sauyi na farko. Faifan 4 da na 8 a RAID 1 terabait 4 kawai za su ba ka, domin tsarin yana bin ƙaramin. Sai an sauya duka biyun za a faɗaɗa ma'ajin.

Aikin yana cin lokaci. Kwafe terabait 4 da gudun megabait 150 a daƙiƙa ya haura awa bakwai, na 8 kuwa kusan awa 15, idan ba wanda ke amfani da na'urar. A duk tsawon wannan lokaci kwafi ɗaya tak ke cikin akwatin. Ni an ɗauke mini wuta ana tsakiyar wannan aiki. Allah ya sa akwai faifan USB a ajiye, kuma na'urar ta ci gaba bayan wuta ta dawo, amma ban yi barci ba a daren.

RAM da igiyar sadarwa

Ba kowace na'ura ke karɓar ƙarin RAM ba. A masu araha, kamar DS223j mai gigabait 1, a manne take da allo. DS220+ da DS224+ kuwa suna zuwa da gigabait 2 da gurbi guda, kuma kamfanin ya amince a kai su 6. Irin RAM ɗin kwamfutar hannu suke ɗauka, SODIMM DDR4. A kashe na'ura, a cire igiyar wuta, a taɓa ƙarfe don sauke lantarkin jiki, a sa shi a karkace a danna har ya kama, sannan a yi gwajin RAM bayan kunnawa. Wanda ya haɗa nasa da tsohuwar kwamfuta da manhajar TrueNAS, mafi ƙarancin abin da take buƙata gigabait 8 ne.

Ta fuskar gudu, igiyar gigabit tana ba da kusan megabait 110 zuwa 115 a daƙiƙa, alhali faifan zamani yana iya kai 200. Hanyar 2.5 gigabit tana kai wa kusan 280, kuma tana aiki a kan igiyar Cat5e da aka saba da ita har mita 100. Amma sai NAS ɗin, da suwic ɗin da ke tsakiya, da kwamfutar duk sun iya wannan gudu. Idan da waya ta Wi-Fi kawai ake shiga, ko ƴan'uwa ne ke shigowa daga wata ƙasa, wannan gyara ba zai sauya komai ba, domin gudun intanet ɗin gidanka wajen aikawa shi ne iyaka. Haka ma SSD na taimako: yana amfani ga ƙananan fayiloli masu yawa, amma ba ya ƙara wa kallon bidiyo komai.

Wuta, zafi da ƙura

Ga mazauna Sahel, wannan ɓangare ya fi RAM muhimmanci. Yankewar wuta ana tsakiyar rubutu tana iya ɓata fayil ko ma'ajin gaba ɗaya. Maganin shi ne onduleur, wanda a Ghana da Najeriya ake kira UPS, mai kafar USB. Idan aka haɗa shi da NAS, da zarar wuta ta tafi na'urar za ta sani, ta gama rubutu, ta tsayar da faifai cikin tsari kafin batir ya ƙare. NAS mai faifai biyu wajen wat 15 zuwa 20 yake ci, don haka ƙaramin onduleur ya isa, kuma sola tana ɗaukarsa cikin sauƙi. Batirinsa dai yana tsufa da wuri a ƙasar zafi, a riƙa gwada shi.

Yawancin waɗannan akwatuna an ƙera su ne don ɗakin da zafinsa bai wuce digiri 40 ba. A Njamena, Marwa da Yamai zafin watan Afrilu yana haura haka. Manyan faifai masu gudun juyi 7,200 a minti sun fi masu 5,400 zafi da ƙara, don haka wanda ba ya da na'urar sanyaya ɗaki ya zaɓi masu juyi a hankali. Kada a kulle akwatin a kabad ko a ajiye shi a ƙasa. Bayan hunturu a kashe shi, a fitar da faifai, a hure ƙurar da ta taru a fanka.

Yaushe ne sayen sabo ya fi?

Idan kamfani ya daina aiko wa na'urar sabunta tsaro, ko RAM ɗinta ba ta ƙaruwa, ko gurbi biyu sun yi kaɗan, zuba kuɗi a kanta asara ce. Mai gurbi huɗu da RAID 5 faifai ɗaya kawai yake sadaukarwa: huɗu na terabait 8 za su ba da 24, maimakon rabi da ake rasawa a RAID 1. A na'urorin kamfani ɗaya, sau da yawa ana iya ɗauke faifan daga tsohuwar a jera su a sabuwar bisa tsarin da suke, amma a tabbatar samfurorin biyu sun dace.

Idan kuɗin bai kai a yi komai a tashi ɗaya ba, a fara da faifan USB na kwafi, sai onduleur, sannan manyan faifai. RAM da saurin igiya su zo daga baya. Tsofaffin faifan da aka cire kuwa, idan gwajinsu ya fito lafiya, a sa ɗaya a kwanson USB a cika shi da hotunan iyali, a ba wani mai tafiya ya kai wa ƴan'uwa a ƙetaren iyaka.