Idan An Gano Sankarar Mama Alhali Kina Da Juna Biyu

Mace ta zo awon ciki, ta faɗa wa nas cewa ta kwana biyu tana jin wani ƙullutu a mamanta. An tura ta hoto, an ɗebi ɗan nama an kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito: sankara ce, wato ciwon daji. Tambayar farko da takan fito daga bakinta ita ce, "To, yaya abin da ke cikina?" Wannan bayani domin ita ne, da maigidanta, da iyayenta, da duk wanda za a yi shawara da shi.

Amsar a taƙaice ita ce: ciki ba ya hana a yi maganin sankarar mama. A mafi yawan lokuta ana yi wa uwa magani cikin yana ci gaba da girma, ta haihu lafiya. Babban haɗari shi ne a ce "bari sai ta haihu", ko "bari sai ta yaye".

Yaya yawan ciwon yake?

Alƙaluman Hukumar Lafiya ta Duniya sun nuna cewa a shekarar 2022 an gano sankarar mama a jikin mata kimanin miliyan 2.3 a faɗin duniya. A Nijeriya ita ce sankarar da ta fi kama mata. Samun ta a lokacin goyon ciki bai cika yawa ba, ana ƙiyasta mace 1 cikin masu ciki 3,000. Matsalar ita ce ana yawan gano ta a makare, domin ciki kan sa mama ya ciko, ya yi tauri, ya riƙa ciwo, sai mace ta ɗauka ƙullutun ma duk aikin ciki ne.

Yawancin ƙullutun da ake samu a maman mai ciki ko mai shayarwa ba sankara ba ne. Amma ba a rarrabewa da ido ko da taɓawa. Ki nuna wa likita ko ungozoma idan kin ga ɗaya daga cikin waɗannan:

- ƙullutun da ya wuce mako 2 bai baje ba;
- kan nono ya shige ciki, ko yana fitar da jini;
- fatar mama ta lotsa, ko ta yi kamar ɓawon lemo;
- kaluluwa a hammata;
- kumburi da ja wanda aka sha maganinsa bai sauka ba.

Gwaje-gwajen da za a yi miki

Ana farawa da sikanin, irin na'urar da ake duba jariri da ita a awo. Ba ta cutar da ciki ko kaɗan. Idan ana buƙatar hoton mama na musamman, wato mamogiram, ana iya yi, sai a rufe cikin da mayafin darma.

Gwajin da ke tabbatar da ciwon shi ne ɗibar nama. Ana kashe wurin da allura, a sa wata allurar a ɗebo ɗan nama siriri, a duba shi a ɗakin gwaji. A nan ne mata da yawa ke guduwa, saboda maganar da ta yaɗu cewa "daji ba ya son allura" ko "ba ya son ƙarfe". Ɗibar nama ba ta sa ciwon ya bazu. Abin da ya sa mutane suka yarda da wannan magana shi ne, da yawa ba sa zuwa asibiti sai ciwon ya riga ya yi nisa, idan abin ya ƙi sai a ɗora wa allurar laifi.

Daga wannan naman ne kuma ake gane irin sankarar: ko tana girma da sinadarin jikin mace, ko tana ɗauke da wani abu da ake kira HER2, ko babu ko ɗaya. Ki tabbata an yi wannan gwaji, domin da shi ake zaɓar magani. Don a san ko ciwon ya kai wani wuri, ana iya yin hoton ƙirji tare da rufe ciki, da sikanin hanta. Akan guje wa hotunan da ke da haske mai ƙarfi har sai an haihu. Duk inda aka tura ki hoto, ki fara faɗa musu kina da ciki. Bayan haka likita zai gaya miki matakin ciwon, daga mataki na 1 zuwa na 4.

Kwanakin farko bayan jin sakamako

Kuka, rashin barci, rashin cin abinci, jin kamar mafarki kike yi, duk waɗannan abubuwa ne da kowa kan shiga. Wata takan ga kamar ita ta jawo wa kanta. Ba laifinki ba ne. Ciki ba shi ya kawo ciwon ba, ba sammu ba ne, ba a ɗaukarsa ta cin abinci tare ko kwanciya tare, kuma ajiye kuɗi ko waya a rigar mama ba ya kawo shi.

Ba a ce ki yanke shawara a ranar da kika ji ba. Ɗaukar 'yan kwanaki ki natsu, ki yi shawara, ba zai ɓata komai ba. Ɗaukar watanni shi ne ke ɓatawa. Idan za ki dawo ganin likita, ki zo da mutum ɗaya da kika amince da shi, domin mai cikin ruɗani ba ya riƙe rabin abin da aka faɗa masa. Ki ce a yi miki bayani da Hausa, a maimaita har ki gane. Idan kina son jin ta bakin wani likitan na biyu, haƙƙinki ne, ki karɓi takardun sakamakonki ki tafi da su. Idan baƙin ciki ya hana ki ci da barci fiye da mako 2, ki faɗa, akwai likitocin da ke taimakawa a kan wannan.

Wane magani ake iya yi da ciki?

Zaɓin magani ya dogara da abu uku: watannin cikin, matakin ciwon, da irinsa. Likitan tiyata, da likitan sankara, da likitan mata, da likitan jarirai su ne ke haɗuwa su tsara shi.

*Tiyata.* Ana iya yin ta a kowane wata na ciki. Ko dai a cire ƙullutun da naman da ke kewaye da shi, ko a cire maman gaba ɗaya, tare da duba kaluluwar hammata. Wadda aka cire wa ƙullutu kawai tana buƙatar gashi da na'ura daga baya, kuma gashi sai an haihu. Shi ya sa idan cikin sabo ne likita kan fi ba da shawarar cire maman, don kada a daɗe ana jira.

*Kemo.* Wannan shi ne maganin da ake sawa ta jijiya kamar ƙarin ruwa, yawanci bayan kowane mako 3. Ba a ba da shi a wata 3 na farko, domin lokacin ne ake halittar gaɓoɓin jariri. Daga wajen mako na 14 ana iya farawa da magungunan da aka daɗe ana ba masu ciki. Ana dakatarwa kimanin mako 3 kafin haihuwa, ko wajen mako na 35, don jinin uwa da na jariri su farfaɗo. A shekarar 2015 wasu likitoci ƙarƙashin jagorancin Farfesa Frédéric Amant na ƙasar Beljiyam sun buga binciken da suka yi a kan yara 129 waɗanda aka gano sankara a jikin iyayensu mata lokacin cikinsu, mafi yawansu kuma an yi kemo suna ciki. Sun tarar girman yaran, da ƙwaƙwalwarsu, da zuciyarsu ba su bambanta da na sauran yara ba. Abin da suka ga yana taɓa ƙwaƙwalwar yaro shi ne haihuwarsa bakwaini.

*Waɗanda ake jinkirtawa sai bayan haihuwa.* Gashi da na'ura, wato rediyoterafi, yana iya taɓa jariri. Ƙwayar tamoksifen, wadda ake sha shekara 5 zuwa 10, tana iya jawo nakasa. Allurar tirastuzumab, wadda ake yi wa masu HER2, tana ƙafar da ruwan da jariri ke kwance a ciki.

Shin sai an cire cikin?

Binciken da aka yi bai nuna cewa cire ciki yana ƙara wa uwa damar warkewa ba. Matan da aka yi wa magani a kan lokaci suna da ciki, sakamakonsu ya yi kusa da na marasa ciki masu irin shekarunsu da matakin ciwonsu. Akwai yanayi ƙalilan, idan cikin bai wuce 'yan makonni ba ciwon kuma ya yi nisa ko yana gudu, inda likitoci za su zauna da ke da maigida su shimfiɗa muku zaɓin da ake da shi. Ko a nan ba a yin komai sai da yardarki.

Tambayoyin da za ki yi wa likita

Matambayi ba ya ɓata. Ki rubuta waɗannan, ko ki sa a rubuta miki:

1. Ciwon yana mataki na nawa, kuma wane iri ne?
2. Me za a fara yi, kuma yaushe?
3. Me zai faru idan na jira har na haihu?
4. Za a iya barin maman, ko sai an cire?
5. A wane mako ake son in haihu?
6. Nawa maganin zai ci daga farko zuwa ƙarshe?
7. Wa zan nema idan jikina ya rikice da dare?

Lokacin da ake cikin magani

Kada ki bar awon ciki don kina ganin likitan sankara, guda biyun tare suke tafiya. Za a riƙa duba girman jariri da sikanin, a auna jininki kafin kowane kemo. Gashin kai yakan zube, amma yana dawowa bayan an gama. Akwai maganin amai da mai ciki za ta iya sha. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa: wake, ƙwai, kifi, nama, ganye, da ruwa mai tsabta. Ki kwana cikin gidan sauro.

Kemo yana rage ƙarfin garkuwar jiki, saboda haka zazzaɓin da ya kai 38 a ma'aunin zafi ba na jira ba ne. Kada ki ce zazzaɓin cizon sauro ne ki sayi magani a kemis, ki taho asibiti ko da tsakar dare. Haka nan idan kin ga jini, ko ruwa ya fashe, ko motsin jariri ya ragu, ko ƙafa ɗaya ta kumbura tana ciwo, ko numfashi yana yi miki wuya.

Kada a yi wa maman sakiya, ko tsaga, ko a shafa masa abin da zai fasa shi. Jiƙe-jiƙe da sassaƙe na iya taɓa hanta da ƙoda da jariri, su kuma ci karo da kemo. Duk abin da aka kawo miki, ki nuna wa likita kafin ki sha.

Haihuwa da shayarwa

Burin likitoci shi ne cikin ya kai mako 37 ko fiye. Sankarar mama ba ta sa dole sai an yi miki aiki, kina iya haihuwa da kanki idan babu wata matsalar. Amma a asibiti za ki haihu, kuma akan kai mabiyiya ɗakin gwaji a duba ta. Jariri ba ya shan sankara a nono.

Idan tiyata kawai aka yi, kina iya shayarwa da ɗaya maman, kuma mama ɗaya yana isar jariri. Idan za a ci gaba da kemo, ko a fara tamoksifen ko tirastuzumab, ba a shayarwa, domin maganin yana iya bi ta nono. Nas za ta koya miki yadda ake dama madarar jarirai da tafasasshen ruwa, da yadda ake wanke kofi. Kada surutun 'yan barka ya sa ki bar magani don ki shayar. A wankan jego kada a watsa ruwan zafi a wurin ɗinki ko wurin da aka gasa.

Kafin a sallame ki, ki yi maganar tazarar haihuwa. Ba a son magungunan tazara masu sinadarin jikin mace ga wadda ta yi wannan ciwo, akwai wasu hanyoyin da za a nuna miki. Yawanci akan ce a jira kimanin shekara 2 kafin wani ciki, kuma mata da yawa sun sake haihuwa bayan sun gama magani.

Ga maigida da dangi

Maigida, ka zo da kanka ka ji daga bakin likita, kada ka tsaya sai an kawo maka labari. Matarka tana tsoron mutuwa, tana tsoron rasa cikin, tana kuma tsoron yadda za ka kalle ta idan an cire mata mama. Na ukun nan kai kaɗai ne za ka iya cire mata shi. Jinkirin ba da izini na wata ɗaya ko biyu yana iya kai ciwon daga matakin da ake warkewa zuwa wanda ba a warkewa.

Uwa da uwar miji, ku ɗauke mata girki da wanki da rainon yara a kwanakin da suka biyo bayan kemo. Kada a ɓoye mata abin da ke damunta, domin ita ce za ta sa hannu a takardar tiyata. Ita ce kuma za ta zaɓi wanda za a gaya wa.

Maganin yana da tsada, kuma tsayawa a tsakiya yana ɓata abin da aka fara. Ku nemi lissafin kuɗin tun farko, ku raba nauyin a dangi. A 2021 gwamnatin tarayya ta fara wani asusun tallafa wa masu sankarar mama, da ta bakin mahaifa, da ta mafitsarar maza, a wasu manyan asibitoci. Ku tambayi ofishin walwalar marasa lafiya ko kun cancanta, ku kuma bincika abin da inshorar lafiyarku ke ɗauka idan kuna da ita.

Ke kuma da ke karanta wannan kina jiran layin awo, idan akwai abin da kika ji a mamanki kike ta ɗaga faɗarsa, ki faɗa wa nas yau kafin ki tafi gida.