Taswirar Waya da Sunayen Garuruwa a Arewacin Zamfara

A da, matafiyi mai nufin Shinkafi ko Zurmi yakan kwana a Ƙauran Namoda, inda layin dogo ya tsaya tun 1929, da safe ya tambayi mutanen tasha hanya. Yanzu kuwa da yawa waya suke tambaya. Ya kamata a san abin da taswirar waya ta sani da abin da ya ɓoye mata.

Aikinta kashi biyu ne. Na fari shi ne gano inda mutum yake. Taurarin ɗan Adam na GPS, waɗanda Amurka ta ayyana cikar aikinsu a 1995, suna kewaya duniya a nisan kilomita wajen 20,200, kowane yana aiko da lokaci da matsayinsa. Idan waya ta ji huɗu daga cikinsu, sai ta lissafa inda take. Wannan bai bukaci layin sadarwa ba. Na biyu shi ne zanen hanyoyi da sunaye, irin wanda Google Maps ta fara bayarwa a 2005, shi kuwa ta intanet yake zuwa. Bambancin nan ya fito sarari a Satumba 2021, sa'ad da aka katse layukan sadarwa a Jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga. Wanda ya riga ya sauke taswira a wayarsa ya ci gaba da ganin hanya, wanda bai sauke ba ya rasa.

Wajen sunaye ne masanin harshe yake da ta cewa. Taswirorin sun gaji rubutun Turawan mulki, watau ba ƙugiya a haruffa, ba alamar tsawon wasali ko karin sauti. Saboda haka Ƙaura takan koma Kaura, ga kuma wata Kaura a kudancin Jihar Kaduna. Haka nan akwai Shinkafi ta Zamfara, akwai wata a gefen birnin Katsina. Wanda ya rubuta suna bai duba jiha ba, ana iya nuna masa wata uwa duniya. Ƙananan ƙauyuka kuwa, waɗansu ba su ciki sam, waɗansu suna ɗauke da sunan da mazauna ba su kiransu da shi.

Har wa yau, waya tana zaɓen hanya ne bisa nisa da minti. Daga Ƙaura hanya ɗaya ta yi arewa zuwa Shinkafi da Isa, ɗaya ta bi Zurmi da Gurbin Ɓaure zuwa Jibiya. Waya za ta faɗi tsawon kowace, amma ba ta san inda aka tare motoci jiya ba, ko mashigin da damina ta cinye. Wannan labari yana bakin direbobi, kuma wani lokaci rai ne ya rataya a kansa. Da ma Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata.

Akwai aiki a nan ga malaman kwalejojin horon malamai. Ɗalibansu daga garuruwan nan suka fito. Idan aka sa kowane ya rubuta sunayen ƙauyukan gundumarsa bisa ƙa'idar rubutun Hausa, tare da yadda mazauna suke furta su, za a sami abin gyara taswira, a kuma adana sunayen ƙauyukan da tashin hankali ya watsa mutanensu.