Ƙasusuwan da Bam Ya Cinye a Munik

A shekarar 1912 wani mai haƙa, Richard Markgraf, ya tono ƙasusuwan da suka rikiɗe suka zama dutse a dausayin Bahariya, cikin hamadar yammacin Masar. Ya aika wa ubangidansa, Ernst Stromer, masani Bajamushe, a birnin Munik. Cikinsu akwai dogon muƙamuƙi irin na kada, da ƙasusuwan gadon baya masu tsini, wani ya haura mita ɗaya da rabi. A 1915 Stromer ya raɗa wa dabbar suna Spinosaurus, aka ajiye ta a gidan adana kayan tarihi.

Da yaƙin duniya na biyu ya yi zafi, Stromer ya yi ta roƙon a kwashe kayan daga tsakiyar gari. Shugaban gidan, Karl Beurlen, ɗan gani-kashe-nin Nazi ne, ya yi kunnen uwar shegu. Daren 24 ga Afrilun 1944 jiragen Birtaniya suka yi wa Munik ruwan bama-bamai, ƙasusuwan suka ƙone. Abin da ya kwanta lafiya a ƙasa shekara wajen miliyan 95, bai cika shekara 40 a hannun mutane ba. Yaƙin nan kuma ya cinye wa Stromer 'ya'ya biyu cikin uku. Shi kuma Stromer ya rasu a 1952.

To amma tsohon ba mai aikin ganin ido ba ne. Ya auna ƙasusuwan, ya bayyana su filla-filla, da zane. Da aka samo sabbin ƙasusuwan irin dabbar a yankin Kem Kem na Maroko, wasu masana, Nizar Ibrahim da Paul Sereno, suka ɗauki hotonsu da na'urar CT, irin ta asibiti, suka haɗa da zanen Stromer a kwamfuta. A 2014 suka fito da surar dabba mai tsawon mita 15, wadda har gobe masana ke jayayya kan yadda take shiga ruwa.

Wani abin ya fi wannan ban mamaki. Wani ɗalibi, Maximilian Kellermann, ya ci karo da tsoffin hotuna a ma'ajiyar jami'ar Tubingen, na wata dabbar daban da ita ma ta ƙone a daren. Stromer ya ɗauka irin dabbar da ake kira Carcharodontosaurus ce. Da aka ƙura wa hotunan ido, sai ga ɗan ƙaho a kan hanci. A 2025 aka ba ta nata sunan, Tameryraptor markgrafi, don tunawa da wanda ya haƙo ta.