Fentin Ƙafafun Mota A Gida: Kariya Ga Jari Ko Rufa-Rufa Ga Tsatsa?

A birnin Bauci, kamar sauran biranen arewacin ƙasar nan, mota ta zama jarin da mai ita ba shi da tabbacin zai iya mayar da irinsa idan ya salwanta. Wannan ne ya sa ɗan kasuwa da ma'aikaci da mai motar haya kowa ya koma lallaɓa wadda ke hannunsa, har aikin da a dā ake ganin na kwalliya ne kawai, watau wanke ƙafafun mota da kankare su da sake yi musu fenti a tsakar gida, ya shiga cikin lissafin tattali.

Idan dai ba a manta ba, akwai zamanin da kamfanin Peugeot ke harhaɗa motoci a Kaduna tun daga 1975, kamfanin Steyr kuma yana harhaɗa manyan motoci da taraktoci a nan Bauci, ma'aikaci mai matsakaicin albashi yana iya karɓar rance ya fito da sabuwar 504. Shirin gyaran tattalin arziki na 1986 ya karya darajar naira, daga nan kasuwa ta koma hannun tsofaffin motocin Turai da Amurka, waɗanda aka fi sani da 'yan Kwatano ko tokumbo. An hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa daga 1 ga Janairun 2017. Sa'an nan a 2023 aka janye tallafin man fetur, aka kuma saki naira ta nemi farashinta, dalar da ake saye a kan kimanin naira 460 a hukumance ta haura naira 1,500 a farkon 2024. Fenti da kayan gyara da ladan bakanike duk sun bi sahu.

Abin da yawancin masu saye ba su lura da shi ba shi ne, da yawa daga cikin motocin nan sun zo da cutarsu tun daga gida. A ƙasashe masu sanyi irin su Kanada da Jamus da arewacin Amurka, ana barbaɗa gishiri a kan tituna domin narkar da ƙanƙara, Amurka kaɗai tana zuba kimanin tan miliyan 20 a shekara. Ruwan gishirin nan taya ce ke watsa shi cikin ramin da take juyawa, ya kwanta a lunguna, ya ci ƙarfe sannu a hankali. Lamarin ya kai ga a 2015 hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka ta gargaɗi masu tsofaffin motoci a jihohin da ake zuba gishiri da su riƙa wanke ƙarƙashin motocinsu, su kuma duba bututun man birki, sabili da tsatsa na huda shi. Irin waɗannan motoci, ƙirar 2007 zuwa baya, su ne suka cika tashoshi da titunan Bauci.

Busasshiyar iskar Bauci tana rage wa tsatsa gudu, amma ba ta kashe ta. Daga Mayu zuwa ƙarshen Satumba, taɓon jar ƙasa na unguwannin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba yana manne wa cikin ramin taya, ya riƙe danshi kwana da kwanaki, ya farfaɗo da ragowar gishirin da mota ta zo da shi. Mai motar da ke zirga-zirga tsakanin Kasuwar Wunti da Muda Lawal da kasuwannin ƙauye zai iya wanke jikinta kullum tana ƙyalli, alhali a bayan taya akwai taɓon damina biyu.

Hasarar ba ta tsaya ga muni ba. Idan tsatsa ta ci bakin ƙarfen da taya ke zama a kai, tayar da ba ta da tif sai ta riƙa sacewa, mai mota ya yi ta kai wa mai faci kuɗi ba a ga ƙusa ba. Tayar da ke tafiya da ƙarancin iska kuwa tana ƙara shan mai, tana kuma saurin cinyewa. Wannan kaɗai, a farashin taya da fetur na yanzu, ya isa ya biya gwangwanin fenti da samfefa.

Aikin kansa ba ya buƙatar gareji, amma yana buƙatar haƙuri. Ana ajiye mota a kan daɓe mai ƙarfi, a sa wa sauran tayoyin waigi, a sassauta notuna tun taya tana ƙasa, kana a ɗaga. Ba a dogara da jak kaɗai, tilas a tokare motar da ƙarfen tokara ko katako mai kauri. Bulon siminti, wanda shi ne ya fi kusa da hannu a kowane gida, yana iya farfashewa ba tare da wata alama ba. Bayan an cire tayar sai a jiƙa taɓon ya yi laushi, a wanke da ruwa da sabulu da buroshi, a bari ya bushe sarai.

A nan ne ainihin aikin yake, a nan ne kuma masu gaggawa ke tsallakewa. Fenti ba ya kama tsatsa, ba ya kama maiƙo. Sai an kankare da buroshin waya da samfefa har farin ƙarfe ya bayyana, an goge ƙurar, an shafa fentin farko mai hana tsatsa, kana a bi da na sama shafi biyu ko uku marasa kauri, ana barin kowanne ya sha iska. Wanda ya fesa baƙin fenti a kan ɓamɓaroki ya rufe wa kansa ido ne kawai, domin ƙarfen zai ci gaba da ruɓewa a ƙarƙashi, fentin kuma ya kumbura ya zube kafin wata damina. Ƙafar alminiyam ba ta yin jar tsatsa, amma tana yin farin gari, kuma buroshin ƙarfe mai kaushi yana yi mata zane, don haka samfefa mai laushi ta fi dacewa da ita. Akwai kuma wurare biyu da ba a son kaurin fenti ko kaɗan: fuskar da ƙafa ke haɗuwa da cibiyarta, da mazaunin notuna. Fenti mai kauri a nan yana murƙushewa bayan tafiya, notuna su saki. Shi ya sa ake sake ɗaure su bayan an yi tafiyar kilomita 50 zuwa 100.

Lokaci ma yana da tasiri. A tsakiyar damina danshi yana hana fenti kamawa, a cikin hunturu kuma ƙura tana sauka a kansa tun bai bushe ba. Ƙarshen Oktoba, bayan ruwa ya ɗauke kafin hazo ya kankama, ya fi dacewa ga mutumin Bauci, kuma a inuwa, ba a kan ƙarfen da rana ta gasa ba.

Birki kuwa wani abu ne daban, kuma nan ne ya kamata mai mota ya san iyakarsa. Ana iya goge bayan ƙarfen da ke matse faifan birki, wanda makanikai ke kira kalifa, da bayan gangar birki, a yi musu fenti, amma sai da fenti mai jure zafi, sabili da na gama-gari yana ƙonewa. Wanda ya taɓa gangarowa daga Jos, mai tudun kimanin mita 1,200, zuwa Bauci da ke wajen rabin haka, da mota maƙare da kaya, ya san irin zafin da ƙafa ke ɗauka. Fuskar faifan da takalman birki da robobi da bakin da ake fitar da iska duk a naɗe su da takarda, kada ɗigo ya taɓa su. Kada a wanke robobin birki da fetur ko kananzir ko man gas, domin man da aka tace daga ɗanyen mai yana kumbura su. Haka nan al'adar fesa baƙin mai a ƙarƙashin mota bayan wanki, wadda wasu ke ɗauka maganin tsatsa ce, tana tara ƙura, tana lalata roba, idan kuma ta kai ga faifai ta rage kamun birki.

Ƙurar birki ba a hure ta da baki ko da injin iska, jiƙa ta ake yi a goge. Tarayyar Turai ta haramta asbestos gaba ɗaya tun 2005, amma ba kowane takalmin birki mai araha da ke kasuwa ba ne aka san abin da aka haɗa shi da shi, kuma illar shaƙar wannan ƙura ga huhu sai bayan shekaru take bayyana. Idan aka ga bututun man birki ya yi ƙuraje, ko tiyon roba ya tsattsage, ko akwai danshin mai a bayan ƙafa, to aikin ya fita daga hannun mai fenti ya koma na bakanike. Fesa fenti a kan irin wannan bututu ganganci ne da rayukan fasinjoji.

Wannan batu ya shafi kasuwar tsofaffin motoci kai tsaye. Mota mai tsabtar ƙafafu ta fi saurin samun mai saye, kuma babu laifi ga dillalin da ya gyara hajarsa ta yi kyan gani. Sai dai gwangwani ɗaya na baƙin fenti yana iya mayar da ramin tayar da gishiri ya cinye kamar sabo na tsawon 'yan makonni, daidai lokacin da ake buƙata a yi ciniki. Mai saye ya karya sitiyari gefe guda, ya durƙusa ya haska fitila. Sabon fenti mai ƙyalli a ƙarƙashin motar da ta shekara 15, musamman idan ya fantsama a kan robobi da notuna da bututu, dalili ne na a kira bakanike ya ƙwanƙwasa ƙarfen da bakin sukundireba kafin a yi maganar kuɗi.