Me Ya Sa Nas Za Ta San Yadda Magani Ke Aiki a Jiki

A ɗakin haihuwa na kowane babban asibiti a Jigawa, daga Asibitin Rasheed Shekoni da ke Dutse zuwa na Birnin Kudu da na Jahun, inda ƙungiyar likitocin MSF ke kula da masu ciki tun 2008, likita ne ke rubuta magani, amma nas ko ungozoma ce ke zuƙe shi a sirinji, ta yi allurar, sannan ta kwana tana gadin majinyaciya. Wanda ke tsaye a bakin gado shi ne zai fara ganin abin da magani ya yi, alheri ko akasinsa. Don haka sanin sunan magani da adadinsa kaɗai bai isa ba. Dole ma'aikaciyar jinya ta san ta ina yake shiga, me yake taɓawa, da kuma ta wace ƙofa yake fita.

Maganin jijjigar masu ciki, wato magnesiyom salfet, ya isa misali. Babban binciken Magpie da aka wallafa a 2002 ya nuna yana rage haɗarin jijjiga da fiye da rabi, kuma da aka shigar da shi asibitoci goma a jihar Kano a 2008, mace-macen masu jijjiga a can suka sauko daga kusan kashi 21 cikin ɗari zuwa ƙasa da kashi 3. Sai dai wannan magani ta ƙoda yake fita. Ita kuwa cutar da ake yaƙa da shi, ƙoda na cikin abubuwan da take fara raunanawa. Idan fitsari ya ja baya, maganin sai ya taru a jini, ya fara kashe ƙarfin tsoka, daga nan ya gangaro kan numfashi. Shi ya sa kafin kowace allura ta gaba, wadda ake yi bayan awa huɗu, ake duba abu uku: a ɗan bugi ƙasan gwiwa a ga ko ƙafa za ta zabura, a ƙirga numfashi kada ya gaza 16 a minti ɗaya, a auna fitsari kada ya gaza mililita 30 a awa. In ɗaya ya gaza, a dakata. In numfashi ya fara ɗaukewa, makarin maganin kalsiyom gulukonet ne, giram ɗaya ta jijiya, sannu a hankali. Nas da ta haddace wannan jeri ba tare da sanin dalili ba, ranar da majinyata suka yi yawa, auna fitsarin za ta fara tsallakewa, alhali shi ne ke ba da gargaɗi tun da wuri.

Wani misalin kuma shi ne oksitosin, allurar tsayar da zubar jini bayan haihuwa, wadda nata sha'anin zafi ne. Ana ajiye ta a firiji tsakanin digiri 2 zuwa 8, a ƙasar da bazara ke haura digiri 40 kuma wutar lantarki ba tabbas. Kwalbar da ta sha zafi a aljihun tebur ba ta canza kama, ƙarfinta ne kawai ke raguwa.

Wasu za su ce wannan hurumin likita ne, kuma koya wa nas zurfin ilimin magani na iya sa ta fara rubuta magani da kanta. Tsoron yana da tushe, domin kowa ya san yadda ake allura barkatai a shagunan magani na unguwanni. Amma masu wannan ganganci ƙarancin sani ne ke ba su ƙarfin hali. Wadda ta san maganin jentamaisin na iya kashe ji da lalata ƙodar jariri ita ce ke sake lissafi da nauyinsa, kuma ita ce za ta kira likita ta ce, "Ranka ya daɗe, wannan adadin ya yi yawa." Wasu kuma za su ce ma'aikata sun yi kaɗan, ba lokacin duba-duba. Gaskiya ne sun yi kaɗan, kuma wannan ne ma ya sa a asibitocin karkara nas ke kwana ita kaɗai babu likita kusa, sai abin da ke cikin kanta.

Kwalejin koyon aikin jinya da ungozoma ta Birnin Kudu da Ma'aikatar Lafiya ta jihar Jigawa su ƙara wa wannan darasi nauyi, a riƙa sabunta shi ga waɗanda ke bakin aiki, kuma kada a kai magnesiyom salfet ɗakin haihuwa sai tare da makarinsa.